Mun ci salatin Magarya, ina muka kai takin?



Satin da ya wuce wani abokinmu ya jefo bidiyo a zauren WhatsApp na fadarmu. Wata Baturiya ce a bayan gidanta, da safar hannu, tana farke buhu tana zazzage wani baƙin abu mai laushi a kan fangalin kabeji. Rubutun da ke ƙasan bidiyon ya ce ragowar shimfiɗar da aka noma laimar kwaɗi a kanta ce, abin nan da wasu ke kira naman kaza. Kafin a sauke shayi na biyu har an fara: "Kun gani ko? Mutane sun yi nisa, mu muna nan zaune." Wani ma cewa ya yi mu rubuta furoje, a kafa gidan noman laimar kwaɗi a Magarya, a sayar da ita a ci riba, ragowar kuma a ba masu lambu. Na yi dariya a wurin. Da na koma gida sai dariyar ta tsaya mini, don na tuna wani amalanken juji da na ga an sauke a lambun kawuna wajen Bande, a sanyin bara.

Bari in fara da abin da ke cikin buhun Baturiyar, don in an san shi gardamar ta ragu. Laimar kwaɗin da suke ci ba a gona take fita ba. A cikin ɗakuna masu duhu da sanyi ake noma ta, a kan wata shimfiɗa da ake haɗawa da karan alkama da kashin doki da kashin kaji da farar ƙasa irin wadda ake kira jibsim. Ana jiƙa haɗin, ya yi zafi, a turara shi wajen digiri 60 don ƙwayoyin cuta su mutu, sannan a rufe samansa da wata ƙasa mai alli. In an tsinki laimar sau biyu ko uku, shimfiɗar ta gaji, sai a kwashe a zuba sabuwa. Kowane kilo ɗaya na laimar kwaɗi yana barin wajen kilo 5 na wannan ragowa. A Holan, ko a jihar Pensilbaniya ta Amurka inda ake noma mafi yawan wadda Amurkawa ke ci, tudu-tudu take taruwa. Wato ita ma shara ce. Bambancin kawai, can an yi mata farashi, an yi mata buhu, an yi mata motar da za ta kai ta lambu.

Kuma ko a can ba a zuba ta da ka. Tana da gishiri-gishiri, tana da alli. Masu lambun da suka san aikinsu suna barin ta wata da watanni ruwan sama ya wanke ta, kuma ba sa yin renon iri a cikinta don tana ƙone ƙananan tsiro. To yanzu ka ɗauko wannan ka kawo kwarin da dama kanwa ke fitowa a bakinsa. Duk wanda ya taɓa bin kwaruruwan gabashin Damagaram da rani ya ga farin nan da ke kwanciya a kan ƙasa kamar an watsa gari. Mai lambu a irin wannan wuri gudun gishiri yake, kai kuma ka zo masa da ƙari. Ban ma taɓo zancen zafin watan Afrilu ba, da wutar da za ta riƙe ɗakin da sanyi, da wanda zai sayi laimar kwaɗi a kasuwar Dungas. Saboda haka furojen abokina, Allah ya ba shi haƙuri, ni ban sa hannu ba.

Amma akwai abu guda a bidiyon nan da ya kamata ya hana mu barci. Abin da ya fito daga gona, aka ci moriyarsa a gari, an nemo masa hanyar komawa ƙasa. Mu namu ina yake zuwa?

Ga abin da na gani a lambun kawu. Watan Disamba ne, ana dashen salati da tumatir, ga kabeji ya fara naɗewa, ga rake a gefen kwari. Ruwa ba shi da nisa a wannan yanki na Korama, 'yan mitoci kaɗan ka same shi, shi ya sa noman rani ya zauna wa mutanen wurin. Da hantsi sai ga amalanke ya shigo da lodin juji daga cikin gari. Kuɗi kawu ya biya, ba kyauta ba. Da aka juye, wallahi rabin abin da idona ya fara gani leda ce: baƙar leda, ledar ruwa, ledar maggi, tsumma, fasasshen kwalba, silifas guda, batiran tocila da suka fashe suna zubar da baƙin gari, har da allurar asibiti. Yara biyu, jikokinsa, suka durƙusa da hannu tsirara suna tsince. Sun fi awa biyu a kai, kuma abin da suka tsince manya ne kawai, guntayen ledar da rana ta riga ta cinye sun bi ƙasa sun tafi fangali.

Na ce, "Kawu, wannan ai guba ce kake sa wa salati."

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ɗan boko ke nan. To kawo mini wanda ba guba ba. Ai daga gidajenku ya fito."

Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Batirin nan yana ɗauke da ƙarafa masu guba, kuma ganye irin salati da alayyafo suna iya jan wasunsu daga ƙasa. Leda kuma ba ta ruɓewa, sai dai ta gutsuttsure, ta tare wa saiwa hanya, akuya ta haɗiye ta ta ƙulle mata ciki. Salatin nan kuwa buhu za a ɗura shi a kai gari, mu saya mu yanka da ƙuli-ƙuli mu ce muna cin abin gina jiki. Mun aika masa da dattinmu a cakuɗe, ya dawo mana da shi a ganye.

Me ya sa mutum mai hankali kamar kawu zai biya kuɗi ya sayi wannan? Don ƙasarsa tana jin yunwa, kuma ya fi mu sanin haka. Ƙasar jigawa rairayi ce. Abin da ya ruɓe ya zauna a cikinta, wanda shi ne ke riƙe ruwa da abincin shuka, bai kai kashi 1 cikin 100 ba a yawancin gonakinmu. Ka ba ta ruwa da safe, kafin azahar ta shanye ta bushe. Ka watsa mata takin zamani, ban ruwa biyu uku ya wanke wani kaso ya yi ƙasa da shi inda saiwa ba ta kaiwa. Da can kakanninmu suna barin gona ta huta shekaru, ta zama saura, ciyawa da sabara su mayar mata da ƙarfi. Yanzu wa ke da gonar da zai bari? A ƙidayar 2012, Magarya da Dungas a haɗe sun haura mutum 900,000, kuma tun lokacin haihuwa ba ta tsaya ba. Yankin yana cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau 'ya'ya shida ne suka raba.

Sannan ku duba abin da ke fita daga gonar bayan kaka. Hatsi ya tafi rumbu ko kasuwa, wannan daidai ne. Amma kara ma ba a bari. Ana kwashe shi don darni, don rufin ɗaki, don wuta, don dabbobi, don sayarwa. Harawar wake da ta gyaɗa ana ɗaure ta a loda wa motoci a kai birni, masu kiwon rago su saya. Dabbobin da suka ci ciyawar yankin ana kora su kasuwar Maigatari ranar Alhamis su tsallaka Nijeriya. Rake ya tafi, rogo ya tafi, tattasai ya tafi. Mashekarin da Fulani ke yi a gona da rani, shanu su kwana su bar taki a ba su hatsi, ya ragu ƙwarai saboda burtali ya matse kuma amana tsakanin manomi da makiyayi ta yi rauni. Kowace mota da ta ɗauko kaya daga Bande ko Wacha ko Malawa ta nufi gari, ƙarfin ƙasar wurin ta ɗauko. In za ta koma, da me take komawa? Siminti, lemun kwalba, katin waya, da leda.

Kada wani ya ce mini manoman ne ba su waye ba. Wannan magana tana ba ni haushi, musamman in ta fito daga bakin wanda bai taɓa riƙe hauya ba. Ku bi hanyar Damagaram zuwa Magarya da rani ku kalli gawo. Itace ne mai abin mamaki: da damina yake zubar da ganye, sai gero ya sami rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su fake a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashi a gindinsa. Tsofaffi na ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimun ya tsananta hukunci a kan mai sare gawo tun a ƙarni na 19. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 da ya share itatuwa, manoman nan da kansu suka dinga barin tohon da ya fito a gona suna sassabe shi suna renonsa. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya kiyasta kusan hekta miliyan 1 da suka sake yin itatuwa ta wannan hanya a yankin Magarya da Matamaye da Mirya. Ba da tankin ruwa aka yi ba, ba da bikin dashen itace na ranar 3 ga Agusta ba. Turawa har yau suna zuwa kallo suna rubuta littattafai. Mutanen karkara sun yi nasu. Wanda bai yi nasa ba shi ne mai zama a gari.

To, takin zamani fa? Nan ne nake rabuwa da wasu abokan gwagwarmayarmu, kuma gara in faɗa a fili. Akwai masu cewa a daina shi gaba ɗaya, wai guba ce ta Turawa, a koma takin gargajiya zalla. Ni ban yarda ba, kuma lissafi ne ya hana ni yarda. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Takin da aka ruɓar da kyau, abin da ke cikinsa na wannan sinadari wajen kashi 1 ne zuwa 2 cikin 100. Kafin ka tara abin da ke cikin buhu guda, sai ka kawo tan ɗaya zuwa biyu, ko ma fiye. Amalanke nawa ke nan? Jaki nawa, ruwa nawa, bayan mutum nawa? Ƙasar Siri Lanka ta gwada hana shigo da takin zamani dare ɗaya a watan Afrilun 2021. Shinkafa da ganyen shayi suka faɗi, kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta janye, amma ɓarnar ta riga ta auku. Ba na so a yi irin wannan gwaji da cikin yaran Magarya, garin da likitocin MSF suka shafe shekaru tun 2005 suna fama da tamowa a cikinsa.

Sai dai su ma masu cewa a kawo buhu kawai matsala ta ƙare, ban ga sun kalli shekarun nan da kyau ba. A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin kai amfani da takin zamani kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Nijar har yau tana cikin na can ƙasa a duniya. Shekaru da dama CAIMA ce ke riƙe da harkar, buhu mai rangwame jika 13 da rabi, ga wanda ya samu. Aka zo aka yi gyaran fuska aka buɗe wa 'yan kasuwa. Sai ga yaƙin Rasha da Yukren a 2022, farashi ya yi tashin gwauron zabi a duniya duka. Sai ga takunkumin bayan 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka da Nijeriya har zuwa Maris 2024, alhali yawancin takin da ƙaramin manomi ke awo da tiya a kasuwannin iyaka daga can yake shigowa. Kawu ya taɓa sayen wani da ya jiƙa a ruwa ya kwana bai narke ba, yashi ne aka rina, kuma babu wanda zai kai wa ƙara. Duk shekarar da wani abu ya motsa a Mosko ko Abuja ko Yamai, mai fangali ashirin a Dogo-Dogo ne ke biya.

Abin da masu binciken INRAN da na ICRISAT a Sadore suka daɗe suna nunawa shi ne a haɗa biyun. Ɗan takin zamani kaɗan, abin da yatsu uku za su ɗauka, a sa shi a ramin shuka maimakon a watsa, a kan ƙasar da aka riga aka ba takin gargajiya. Ruɓaɓɓen takin shi ne ke riƙe ruwa, ya riƙe sinadarin kada ya tsere, ya raya ƙananan halittun cikin ƙasa. A lambu ma abin ya fi fitowa fili, don mai injin ban ruwa fetur yake ƙonawa. Fangalin da ke riƙe laima kwana biyu maimakon ɗaya, kuɗin mai ne ya dawo aljihu. Da na yi wa kawu wannan bayani, sai ya ce, "Wannan ai na sani tun kafin a haifi uwarka. Takin ne babu."

Takin ne babu. Alhali ga shi can a garuruwanmu muna toshe hanci muna tsallake shi. Ku lissafa da ni. Gida nawa ne a Damagaram ko a cikin garin Magarya babu akuya ko tunkiya ko kaji a tsakar gida? Ragon layyar nan da muke ɗaure wa wata uku muna ba shi harawar da aka kawo daga ƙauye, kashinsa ina muke kai wa? Sharewa muke mu haɗa da leda da famfas ɗin yara mu ba almajiri ya zubar a lambatu. Ranar Sallah kuwa, abin da ke cikin tumbin dubban raguna, ciyawa ce da ta riga ta yi rabin ruɓewa, taki ne na gani na faɗa, a bakin hanya muke juye shi ƙuda su taru. Ku je mahauta ku ga abin da ake wankewa kullum. Ku je kasuwa da yamma ku ga ganyen kabeji, ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon albasa, ɓawon gyaɗa, ɓawon rake da abin da aka tsotse aka tofar. Ƙaiƙayin da ke tashi a wurin masu sussuka da injin niƙa. Ganyen shayin fadarmu ma, in aka tara na shekara, ba ƙaramin abu ba ne. Damina ta zo duk wannan ya toshe magudanai, ruwa ya shiga gidaje, sauro ya samu wurin zama, mu hau Facebook mu zagi meri.

Kuma abin kunyar, wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Michael Mortimore, masanin ƙasa ɗan Ingila da ya koyar a Zariya da Kano, ya rubuta yadda a shekarun 1960 jakuna ke shiga birnin Kano da itace da kayan gona su fito da mangalar taki zuwa gonakin kewaye. Da wannan kai da kawo ne gonakin da ke zagaye da Kano suka ɗauki jama'a mai yawa shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Jujin wancan zamani toka ce da kashin dabbobi da ɓawo da share-sharen tsakar gida, duk abin da ƙasa za ta iya ci. Al'adar ba ta mutu ba, ga ta nan a amalanken kawu. Abin da ya canja shi ne abin da muke zubawa a jujin. Tun ranar 5 ga Nuwamban 2014 Nijar ke da doka mai lamba 2014-63 da ta hana ƙera baƙar ledar nan marar kauri da shigo da ita da sayar da ita. Ka je ka sayi ƙosan dala biyar yau ka ga a cikin me za a ba ka.

Mu a fadarmu mun ce bari mu gwada kafin mu yi wa kowa wa'azi, kuma ba zan ɓoye muku ba, farkon abin kunya muka sha. Mun sami gidaje goma sha ɗaya a layinmu suka yarda su ware: bokiti ɗaya na abin da ke ruɓewa, buhu ɗaya na leda da kwalba da batir. Muka haƙa rami a wani kango. Muka zuba komai a cakuɗe, muka kwarara ruwa kamar muna jiƙa bulo, muka tafi. Bayan kwana biyar wari ya tashi, wata tsohuwa maƙwabciyar kangon ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, karatun da aka kai ka jami'a ka yi ke nan?" Na ce, "Ki yi haƙuri, Iya, gyara za mu yi." Sai da muka nemo wani malamin gona ya nuna mana kuskurenmu. Ana jera shi ne hawa-hawa: busasshe kamar kara da aka sassara da ƙaiƙayi, sannan ɗanye kamar ganye da ragowar kasuwa, sannan kashin dabbobi, a yayyafa ruwa daidai yadda in ka matse a hannu zai jiƙa tafinka amma ba zai zuba ba. A rufe da tsohuwar tabarma ko kara, a inuwa. Bayan kwana biyu uku ka soka sanda ka zaro, in ta yi zafi aiki ya kama. Wannan zafin, wanda ke kai digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. A juya duk sati biyu don ya sha iska. Wata biyu zuwa uku ya nuna, ya yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

Ya kuma ja mana kunne a kan abu biyu da nake so masu lambu a cikinku su riƙe. Toka kaɗan ake sawa. In ta yi yawa tana korar ƙarfin kashin dabbobi ya bi iska, kuma a ƙasar da ke da kanwa ƙara mata ciwo take, daidai da matsalar buhun Baturiyar can. Sannan ɗanyen kashi, musamman na kaji, ba a zuba shi a fangalin salati. Yana ƙone dashe, kuma ganyen da ake ci ɗanye yana kwaso cutar zawo daga gare shi.

Aikin yana da wuya, kada a yaudare ku da hoton matasa sanye da riguna iri ɗaya suna murmushi da shebur. Yana cin ruwa, kuma a Damagaram kowa ya san abin da jarka ke nufi da rani. Yana cin lokaci. In ba a yi hankali ba kuma a kan mata da yara zai ƙare, kamar kowane aikin shara a gidajenmu, maza su tsaya a ɗaukar hoto. Ga nauyi: taki kaya ne mai nauyi marar tsada, in ka ce za ka loda shi a mota daga Damagaram ka yi kusan kilomita 100 zuwa Magarya, kuɗin mai ya cinye shi. Kowane gari lambunan da ke kusa da shi zai ciyar. Na Damagaram ya tafi lambunan gefen gari da na Mirya, na garin Magarya ya tafi kwarin da ke kewaye da shi, na Dungas haka, na ranar kasuwar kowane ƙauye haka.

Shi ya sa nake ganin gidaje goma sha ɗaya ba za su wadatar ba, dole hukumomin kwamin su shigo. Ba wani abu mai tsada nake nema ba. Fili ɗaya a bayan kasuwa ko kusa da mahauta, mai inuwa da rijiya, inda za a riƙa kai abin da ke ruɓewa shi kaɗai. Masu amalanken da dama suna kwasar juji a ba su wurin su riƙa ɗauka daga can, su sayar da kaya mai tsabta da farashin da ya fi na yanzu. Ganga ɗaya a kowace unguwa ta tsofaffin batir, ko da ba a san inda za a kai su ba tukuna, a dai raba su da abincinmu. Ana karɓar harajin kasuwa kowane mako, rasit ɗin yana hannun 'yan kasuwa. Tun da aka rusa majalisun kwaminoni a watan Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙo, babu kansilan da za ka tare a ƙofar gida ka tambaya, amma ofishin yana nan, kuma takarda tana shiga. Masu ba da kuɗin furoje kuma, in har da gaske suke, kuɗin taron ƙara wa juna sani guda ɗaya a otal zai sayi amalanke da jaki da shebur masu yawa.

Ramin namu na biyu ya yi wata biyu da 'yan kwanaki. Da ɗan uwana zai je gida ranar kasuwa, na ɗura rabin buhu na ce ya kai wa kawu ya duba, tunda shi ne alƙalin. Da dare ya kira ni. Ya ce ya zuba hannu ya juya har ƙasan buhun bai ci karo da leda ko ɗaya ba, ya sa yaran ma sun duba. Sai ya ce, "Amma bai gama nuna ba, akwai sauran ɗumi a cikinsa, ga kara ban ga ya narke ba. Ku ƙara masa sati biyu, ku juya." Na ce to, Kawu. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Amalanke nawa za ku iya fitarwa kafin dashen albasa?"

Na ce masa ɗaya, in Allah ya yarda. Fangalinsa kaɗai sun fi ƙarfin biyar.